Alƙalamin Itace: Inda Yake Lalacewa da Yadda Ake Gyara Shi



Shugaban wannan zama, malamai, iyayenmu masassaƙa da kafintoci da ke sahun gaba, ɗalibai maza da mata. Abin da aka ɗora mini in yi magana a kansa bai fi tsawon tafin hannu ba. Shi ne alƙalamin zamani mai jikin itace, wanda ake ferewa a kan injin juyi, da yadda ake gano larurarsa a gyara shi in ya samu matsala. Na san a cikinku akwai mai cewa a ransa, duk faɗin sana'ar katako a rasa abin tara mutane sai biro? A yi mini haƙuri kaɗan. Kafinta na iya kuskuren milimita biyu a ƙafar tebur, mai tebur ya tsufa bai sani ba. A jikin alƙalami kuwa, kuskuren da ido ba ya gani, ɗan yatsa zai ji shi tun ranar farko. Shi ya sa ƙaramin abin nan ya cancanci a zauna a kansa.

Injin juyi tsohon abu ne. Akwai hotonsa a bangon kabarin Petosiris a ƙasar Masar, wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, Alaihis Salam: mutum ɗaya na jan igiya itace na juyawa, ɗayan na riƙe da ƙarfen fira. Amma fere alƙalami a kansa a matsayin sana'ar cikin gida, a Amurka ya yi ƙarfi cikin shekaru talatin zuwa arba'in da suka wuce, daga nan ya bazu Ingila da Kanada da Ostireliya. Abin da ya sauƙaƙa shi shi ne kayan haɗi da ake sayarwa a ƙulle cikin 'yar leda: baki, da maƙali, da zobe, da na'urar murɗawa, da bututun tagulla, da bututun tawada. Kamfanoni irin su Penn State Industries a Filadelfiya, da Craft Supplies USA a garin Provo na jihar Yuta, da Berea Hardwoods a Ohayo, su ne suka yi suna wajen sayar da su, kodayake akasarin ƙarafan a Taiwan da Sin ake ƙera su. Saboda haka in an ce muku alƙalami aikin hannu ne, ku gane jikin itacen ake nufi. Sauran na masana'anta ne. Mai gyara ya riƙe wannan da kyau, domin ƙarafan ana sayo wasu da kuɗi kaɗan, amma itacen in ya tafi ba a samun irinsa sak.

Bari mu buɗe wanda aka fi yi, wanda suke kira Slimline. Ana yanko guntun itace mai faɗin milimita 19 kowane gefe, tsawonsa wajen santimita 13, a raba shi biyu. A huda kowane rabi da bakin huda mai milimita 7, a shafa gam, a zura bututun tagulla. In ya bushe a daidaita bakunan su yi ɗaya da tagullar. Sai a zura su a wata siririyar sandar ƙarfe, a sa zobban awo na ƙarfe, wato bushin, a tsakani da gefe-gefe, a ɗora a inji a yi ta fira har itacen ya sauko daidai kaurin bushin. Kaurin nan bai wuce milimita takwas da rabi ba. Ku yi lissafi da kanku. In ka cire bututun milimita 7 daga ciki, abin da ya rage na itace a kowane gefe bai kai milimita ɗaya ba. Wato abin da mai saye ke gani ya ce ga alƙalamin itace, 'yar fatar itace ce a kan tagulla.

To, ga maganar da duk laccar nan ta rataya a kanta. Itace yana motsi, tagulla ba ta bin sa. Ko an sare itace an busar an shafe shi, bai daina shan laimar iska yana amayar da ita ba. Kowa a nan ya san ƙofar katako da ke ƙin rufuwa a watan Agusta, in hunturu ya kama kuma ka hango tsakar gida ta gefenta. Idan laimar iska ta kai kashi 80 cikin 100, ruwan da ke jikin itace yakan tsaya wajen kashi 16. Idan ta sauka kashi 20, sai ya koma tsakanin 4 da 5. Ƙasashen da aka fi yin alƙaluman nan, cikin gidajensu bai cika yin wannan dogon zango ba. Mu kuwa a Kano ko Damagaram, kowace shekara sai itace ya je wancan ƙarshe ya dawo wannan. Ƙofa tana da inda za ta motsa. Fatar da aka manne a kan tagulla ba ta da shi. Mafi yawan manyan larurorin alƙalamin itace a wannan mahaɗa ake haifar su.

Amma kafin mu je can, a fara da mai sauƙi, domin babban laifin masu gyara shi ne gaggawar ɗaukar guduma. In an kawo maka alƙalami, ajiye kayan aiki tukuna ka tambayi mai shi. Yaushe ya fara? Ya faɗi ƙasa ne? An bar shi cikin mota? An canza masa tawada? Sau da yawa amsar tana cikin bakinsa.

In ya ce ba ya rubutu, to galibi ba ruwan itace, ba ruwan inji. Bututun tawadar da ke zuwa cikin kayan haɗi masu araha ba shi da kirki, wani ma ya bushe tun yana kanti. Slimline na amfani da siririn bututu irin na kamfanin Cross, mai zare a gindi. Masu kauri irin su Sierra da Cigar suna amfani da irin na Parker, samfurin da ya fito tare da biron Jotter a 1954, har yau kuma ana samunsa a shagunan kayan rubutu. Ka sa sabo ka gwada. In na Parker ne, duba sifirin ɗin da ke gaba. Mutane da yawa in sun zo canza tawada sai sifirin ya bi tsohon bututu zuwa kwandon shara, su dawo suna cewa alƙalami ya lalace.

In kuma bakin rubutun ne ba ya fitowa sosai, ko ya fito ya ƙi komawa, a Slimline maganar zurfin na'urar murɗawa ce. Danna ta ake yi cikin bututun ƙasa, ƙarfi ne kawai ke riƙe da ita. In ba ta shiga sosai ba, baki ba zai leƙo ba, gyaran kuma mai daɗi ne: a sa a bayis mai laushin baki, a ƙara dannawa kaɗan, a gwada, a ƙara kaɗan, a gwada, har bakin ya leƙo milimita biyu zuwa uku. In ta wuce kuwa, babu ja da baya sai an kwance alƙalamin. Shi ya sa gwanaye ba sa danna ta lokaci ɗaya. A Sierra mai dannawa kuma dalilin daban ne. Gangar jikinsa guda ce, tsawon bututun tagullar shi ke ƙayyade komai. In mai yi ya zarce wajen daidaita baki ya ci tagulla, gangar ta gajarce, bakin rubutu zai zauna a waje yana ɓata aljihun riga. Wasu sukan kankare robar gindin bututun tawadar kaɗan. Wannan dabara ce ta yau da gobe kawai, don duk ranar da aka sa sabon bututu matsalar ta dawo. Gyaran gaskiya shi ne a cike tsawon da ya ɓace da siririn zobe na wani itace ko na tagulla, ko a sake gangar.

Yanzu kwancewa. Ana buƙatar tsinkayen ƙarfe masu lafiyayyen kai, kauri daban-daban. A Slimline, rabin sama zare shi ake yi da hannu. Ka zura tsinke mai kusan milimita 6 ta buɗaɗɗen gefen, ya tokari hular da ke riƙe da maƙali, ka riƙe gangar a tafin hannu da guntun robar tayar keke, ka riƙa bugu a hankali. A hannu na ce, ba a bayis ba. Hannu yana sassautawa, bayis kuwa murƙushe fatar itacen zai yi. Rabin ƙasa ya fi wuya don bakinsa biyu duk a toshe suke. Ka cire bututun tawada, ka zura siririn tsinke mai milimita 3 ta cikin na'urar murɗawa, ka karkata shi ya kama gefen bakin daga ciki, ka yi ta ƙananan bugu kana juya gangar. Ƙananan bugu da yawa sun fi babban bugu guda. In baki ya fita, sai ka sa babban tsinke ta nan ka koro na'urar. Ka sa a ranka na'urar ba lalle ta rayu ba, ka tanadi wata. Ka kuma shimfiɗa tsumma a inda ƙarafan za su faɗo, kada su ƙwarzane.

To, mu zo kan tsagewa, wadda ita ce uwar larurori, ita ce kuma ke sa mai alƙalami ya zo da ɓacin rai.

Tsaga tana faɗin asalinta in ka san karanta ta. In gajeruwa ce, ta tashi daga bakin ganga daidai inda ƙarfe ya shiga, to a ranar haɗi aka yi ta, ko da ba ta bayyana ba sai daga baya. Ƙarafan nan an yi su ne su ɗan fi ramin bututu kauri don su kama. In akwai busasshen gam ko da ɗigo ɗaya a cikin bututun, ko bakin bututun yana da kaifin da ba a share ba, ko ƙarfen ya shiga a karkace, tagulla za ta buɗe, ita tana jurewa, itacen da ke kanta kuwa ba ya jurewa. In kuma doguwa ce, ta bi jijiyar itace tun daga wannan baki har kusan wancan, ta bayyana bayan makonni ko watanni ba tare da faɗuwa ba, wannan ƙanƙancewa ce. Kewayen bututun milimita 7 ya kai milimita 22. In ruwan jikin itace ya sauka daga kashi 12 zuwa 5, itace mai tauri zai so ya ƙanƙance fiye da kashi ɗaya cikin 100 ta faɗinsa, wato wajen sulusin milimita a wannan kewaye. Ta tsawo kuwa kusan ba ya motsi. Tagulla ta hana shi shiga ciki, sai ya nemi sulusin milimitar nan ta hanyar yagewa.

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A wannan sana'a ɗanyen icce shi ne abokin gaba. Akwai kuma itatuwan da ko sun bushe halinsu ke nan. Baƙin itacen eboni, ɗan'uwan kanyarmu, da wani mai zanen fatar maciji da ake samowa daga Suriname da Guyana, sun yi ƙaurin suna wajen tsagewa, har gwanayen Amurka ma suna kuka da su. Zafi shi ne na uku. In aka huda itace mai tauri da gudu, ba a fito da bakin huda ana zubar da gari, cikin ramin zai yi zafi ya yi ƙananan tsagu da ido ba ya gani, su jira hunturu. A huda a hankali, wajen juyi 500 a minti, ana fitowa bayan kowace santimita guda. Haka samfefa in an danna ta da ƙarfi inji na gudu. Haka mota da aka rufe a rana a watan Afrilu, wadda cikinta ke iya haura digiri 60.

Yaya ake gyara? Abu na farko, kada ka matse tsagar ka ce sai ta rufe. Itacen ya riga ya faɗa maka girman da yake so ya zama. In ka tilasta shi da gam da matsi, zai yage ta wani gefen. Ka kwance ƙarafan, ka share cikin bututu tas, ka ajiye gangar kwanaki a ɗakin da babu rana ta gama motsinta. In tsagar siririya ce, ɗigon sufa gulu mai ruwa-ruwa ya isa, zai bi ta da kansa har ƙasa. In ta buɗe, sai a cike. A goga guntun itace irinsa a samu gari mai laushi, a cusa cikin tsagar, a ɗiga gam, a bari ya kama, a sake, har ya ɗan tashi sama da jiki. Sannan a mayar kan inji a goge a sake shafe. A baƙin itace, garin gawayi mai laushi yana ɓacewa ƙwarai. A farin itace kuwa, in faɗa muku gaskiya, gyaran ba ya ɓuya, don gam na duhunta garin. A nan ni ra'ayina kada a yi ƙoƙarin ɓoyewa. A cike da garin tagulla ko wani launi da ya fita daban, ya zama ado, a kuma gaya wa mai shi abin da aka yi. Gyaran da aka yi don a ruɗi ido, ranar da aka gane shi ya fi tsagar muni.

In bakin ganga ne ya ɓare, akwai dabara mai kyau. A ɗora a inji, a yanke ɓarin da ya lalace har a tarar da tagulla, milimita biyar ko shida, a daidaita wurin, a huda guntun wani itace mai launi daban a zura a manne, a fere ya yi ɗaya da jiki. Wanda bai sani ba zai ɗauka tun asali haka aka tsara. In kuwa tsaga ta yi biyu ko uku, ko itacen ya saki tagulla gaba ɗaya, to a daina wahala. A fere shi duka har tagulla ta fito, a ɗora sabon itace. Sai fa in itacen yana da tarihi a wurin mai shi, kamar reshen bishiyar gidan mahaifinsa. Wannan kam ko ya zama gutsattsari sai a zauna a harhaɗa.

Tunda na ambaci gam, bari in ɗan tsaya a kansa. Sufa gulu wani masanin sinadarai ne a Amurka, Harry Coover, ya ci karo da shi a 1942, aka ajiye shi don yana manne wa komai, sai a 1958 kamfanin Eastman Kodak ya fara sayar da shi. Laima ce ke sa shi kamawa. Yana da sauri, amma in ya bushe ba ya lanƙwasa ko kaɗan, kuma wani lokaci yakan kama tun bututu na rabin hanya. Don manne tagulla da itace, na fi son gam mai haɗi biyu irin Araldite, mai jinkirin kamawa. Yana cike gurbi, yana ba ka lokaci, yana kuma ɗan jure motsin itace. Ko wanne za ka sa, ka fara goge bayan bututun da samfefa ya yi kaushi. In itacen mai maiƙo ne, irin kokobolo na Amurka ta Tsakiya, a share ramin da asiton kafin gam. Don kada gam ya shiga cikin bututu kuwa, akwai masu soka bakinsa a yankan dankalin Turawa ya toshe, in an gama a ture. Abin dariya ne, amma yana aiki. Ku kula da abu biyu: sufa gulu in ya zuba a auduga yana zafi har ya yi hayaƙi ya ƙona fata, tururinsa kuma yana cin ido. A yi aiki inda iska ke wucewa, a sa takunkumi, musamman da yake ƙurar kokobolo tana sa wa wasu ƙaiƙayi da tari.

Wata larurar kuma ita ce ka shafa mahaɗar itace da ƙarfe ka ji tudu ta wannan gefe, rami ta wancan. Gangar ba ta fita da'ira ba ke nan. Kusan kullum sandar da aka fere a kanta ce ta lanƙwashe, ko dai don an ɗaure noti da ƙarfi, ko an matso gindin inji ya danne ta. Ka mirgina sandar a kan gilashi, in tana ɗingishi ka yar. In itacen ya fi ƙarfe tudu, ana gyarawa: a ɗora gangar ita kaɗai tsakanin tsinin inji biyu ba tare da sanda ba, a rage. In ya yi ƙasa da ƙarfe kaɗan, ana iya gina shi da shafen gam hawa-hawa. Kada kuma ku amince da bushin ido rufe. Samfefa na cin sa kullum, wanda ya daɗe yana aiki ya riga ya rame. A auna ƙarfen alƙalamin kansa da ma'aunin kauri, a fere zuwa wannan awo.

Ƙarfen da ya yi sako-sako yana zamewa, gyaransa ɗan ɗigon gam mai haɗi biyu ne a cikin bututu, ba a jikin ƙarfen ba, don kada ya tumbatso waje. A guji sufa gulu a nan. Tururinsa na bar wa ƙarfe farin tabo, in kuma ya gangara cikin na'urar murɗawa ya kashe ta.

Shafe kuma, iri biyu aka fi yi. Akwai na gaggawa, haɗin shalak da kaki, wanda ake gogawa inji na gudu. Ranar farko yana ɗaukar ido, amma gumin hannu na cinye shi cikin 'yan watanni, a ƙasar zafi ma ya fi sauri. Gyaransa a sake shafawa, ko a canza masa mai ɗorewa. Na biyu shi ne sufa gulu da kansa, a shafa siriri-siriri hawa da yawa, a goge da samfefa mai laushi irin Micro-Mesh tun daga lamba 1500 har 12000, ya fito yana ƙyalli. Wannan yana daɗewa, amma yana da nasa halin. In ka ga farin hazo a ƙarƙashinsa, laima ce aka rufe a ciki, ko an cika fesa ruwan da ke sa shi saurin bushewa. In ka ga yana ɗagowa a bakin ganga, gam ne ya haɗe da bushin, da aka zo rabawa ya ɓalle, ko maiƙon itace ya hana shi kamawa. Duka biyun babu faci. A goge har itace, a share da asiton, a bari ya bushe, a sake, wannan karo da bushin roba wanda gam ba ya kamawa. A kuma ɗiga gam mai ruwa a kan bakunan gangar a rufe su, don ta nan laima ke shiga. Zoben ƙarce da ke kewaye jiki kuwa, alamar mai yi bai tsayar da inji ya goga ta tsawo bayan kowace lambar samfefa ba. Toka-tokan da ke bayyana a bakin farin itace, ƙurar bushin ce samfefa ta kwaso.

Akwai abin da ba ya gyaruwa, gara a faɗa wa mai shi tun farko: ruwan gwal da ya goge. Wanda ake zuba wa kayan haɗi masu araha siriri ne ƙwarai, ba ya jure aljihu da gumi. Sai dai a sayo sababbin ƙarafa, in za a saya kuma a nemi mai ruwan kurom ko rodiyam ko taitaniyam.

Saura alƙalami mai shan tawada, mai tsagaggen baki. Bakuna masu kyau daga Jamus suke zuwa, na kamfanin Bock a Heidelberg ko JoWo a Balin. In yana ƙarce takarda, kada ka kai masa samfefa. Ka duba shi da gilashin ƙara girma, galibi za ka tarar ɗaya daga cikin harsunan biyu ya fi ɗan'uwansa tudu. Farce ya isa ya daidaita su. In tawada ba ta sauka, a kwance sashen bakin shi kaɗai a wanke da ruwan sanyi da ɗigon sabulun ruwa, itacen kuwa kada ya ga ruwa. A nan akwai gargaɗi da ya shafe mu kai tsaye. Tawadarmu ta allo, da ake haɗawa da gawayi da ƙaro, an yi ta ne don alƙalamin kara da na gamba, wanda ake tsomawa. In aka ɗura ta cikin wannan, ƙaron zai bushe cikin siririyar hanyar da tawada ke bi ya toshe ta. Malam na iya kawo maka alƙalami mai tsada da aka yi masa tsaraba ya ce ya mutu, alhali wannan ce kawai larurarsa. A jiƙa sashen bakin cikin ruwa ya kwana, a wanke, a sa masa tawadar kwalba da aka yi dominsa.

Ga ɗalibanmu da ke tunanin shiga wannan aiki, ba sai kun jira itacen waje ba. Ƙirya da marke da zuciyar tsamiya da bagaruwa duk masu tauri ne, jijiyarsu a matse, guntun da kafinta ke jefawa a murhu ya isa alƙalami. Sai dai mai niyyar sayarwa ƙetare ya san doka. Tun watan Janairun 2017 madobiya ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta sa wa ido, tare da dangin kokobolo, saboda saran da aka yi mata ba ji ba gani ana lodawa zuwa Sin. A bincika ƙa'ida kafin a ɗaure kaya.

Muna da wata fa'ida. Alƙalamin da aka yi da itacen da ya sha hunturunmu ya riga ya ƙanƙance iyakar ƙanƙancewarsa, in ya samu laima daga baya kumbura zai yi, kumburi kuwa bai cika yaga shi ba. Saboda haka roƙona ga iyayenmu masu shaguna da ku ɗalibai shi ne, wanda ke da guntayen ƙirya ko marke ya yanka su tun yanzu, ya shafa kaki a kawunansu, ya auna nauyin kowanne a ƙaramin sikeli, ya rubuta a jiki tare da kwanan wata, ya ajiye a inuwa. Ya riƙa aunawa duk bayan mako biyu. Kada ya huda ko ɗaya sai nauyin ya daina sauka kuma hunturu guda ya wuce a kansu. In ya huda, ya ƙara musu 'yan kwanaki kafin ya sa tagulla.

Shugaba, na ga lokaci ya ja, ga kuma hannuwa sun fara tashi.